Fasali a kan Tufafin Bazara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ka sani idan hunturu ya juya baya, hazo ya yaye, to bazara ce ke tafe da zafinta. Mai hankali yakan tanadi tufafinsa tun zufa ba ta tilasta shi ba.

Ka wanke rigunan sanyi, ka shanya, ka ninke a adaka. Idan ka shiga Kantin Kwari a Kano, ko kasuwar garinku, ka nemi farin yadin auduga marar nauyi, domin auduga tana shan gumi, fari kuma ba ya riƙe zafin rana kamar baƙi. Yadin roba yana dafa jiki. Alharini zalla kuwa haramun ne ga namiji. Yadi 5 yakan yi kaftani da wando, yadi 10 babbar riga da 'yar ciki da wando. Ka jiƙa shi ya bushe kafin ka kai wa tela, don auduga takan tsuke a wankin farko. Ka ce ya saki hammata, wando kada ya wuce idon sawu.

Ya kai almajiri, taguwa biyu sun ishe ka, ɗaya a jiki, ɗaya a igiya. Ya kai ɗan kasuwa, na ga mutane da yawa sun cinye uwar kuɗinsu a shadda da aska takwas, damina ta same su ba jari, ba iri. Rigar bashi ba ta sanyaya jiki. Kuma ka biya tela haƙƙinsa ranar da ka karɓi ɗinki.

Allah ya suturta mu duniya da lahira. Tammat.