Bashin Alli

Duk shekara idan Oktoba ta kama, yara suka koma lakwal, akwai tambayar da darektan makarantar firamare yake yi wa duk wanda ya fito daga ofishin ansifekta tun kafin su gama gaisawa: kaya sun iso? Kayan da yake nufi ba su da yawa, kuma babu na alfarma a cikinsu. Alli ne da kaye da ardwaz, da rajistar kiran suna, da baƙin fenti na shafa wa allo, sai teburan zama ga wanda ya taki sa'a. Dukkansu suna nan jibge a babbar kasuwar Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram, mai kuɗi a hannu zai saye su kafin azahar ya ɗora bisa amalanke. To amma gwamnati ba ta ciniki irin na mai kuɗi a hannu. Bashi take ci, kuma ita ce mai yanke ranar biya.

Hanyar tana farawa ne daga ƙasa. Kafin babban hutu darekta yakan ƙidaya yaransa da teburansa, ya rubuta abin da ya rasa, ya aika wa ansifekta. Shi kuma ya haɗa na makarantun da ke ƙarƙashinsa ya miƙa wa hukumar ilimi ta jaha, daga nan sai Yamai. A kowace matakala lissafin yakan rage ƙiba, domin kuɗin da aka amince da su ba su taɓa kai yawan buƙata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan sha'ani mai ɗakin ba ya cikin masu sa hannu. Sa'an nan ga saɓanin lokaci: shekarar kasafin kuɗi tana tafiya daga Janairu zuwa Disamba, ana sakin kuɗin kashi-kashi gwargwadon abin da ya shigo baitulmali, ita kuwa shekarar karatu Oktoba take farawa, ba ta jiran kowa.

Idan aka zo saye, doka ta buɗe ƙofofi uku. Babban aiki, kamar ginin azuzuwa ko buga littattafan ƙasa baki ɗaya, ana shelarsa a jarida, masu so su kawo tayinsu cikin ambulan a rufe, a buɗe a gaban kowa ranar da aka ajiye. Akwai yarjejeniyar kai tsaye da mutum guda, wadda doka ta ware domin larura da gaggawa. Sai kuma ƙaramin saye, wanda bai kai adadin da ke wajabta shela ba, inda ake neman ƴan kasuwa uku kowa ya kawo takardar farashinsa, wato furoforma, a ɗauki mafi sauƙi. A 2002 Nijar ta yi sabuwar dokar kwangilolin gwamnati, daga bisani aka kafa hukumar sa ido da aka daɗe ana sani da ARMP, an kuma sha yi wa dokar kwaskwarima tun daga lokacin. Duk wanda ya karanta ta zai yaba wa waɗanda suka tsara ta.

Ƙofa ta uku ita ce tafi yawan masu shiga, kuma a nan ne abin dariya yake, in da abin na dariya ne. Furoforma uku da doka ta nema sau da yawa daga aljihu ɗaya suke fitowa: ɗaya da sunan maigida, ɗaya da sunan ƙanensa, ɗaya da sunan wani yaron shago da aka yi wa hatimi. Biyu suna tsawwala kuɗi da gangan domin ta ukun ta yi kama da rahusa. A zamanin tafireta tsofaffin ma'aikata kan gane su da harafi guda mai karyayyen baki da ke fitowa a duk takardun uku. Kwamfuta ta rufe wannan asiri. Idan kuwa aikin ya yi girman da dole sai an yi shela, akwai dabarar yanka shi gunduwa-gunduwa, teburan gari guda su zama saye biyar, kowane yana ƙasa da iyaka. Doka ta hana wannan ƙarara, kuma kowa ya san ta hana.

Kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci a kan ɗan kasuwa tukuna, sai ya bi shi zuwa wurin karɓar kuɗinsa. Tsarin da ƙasar nan ta gada daga Faransa ya raba mai ba da umurnin kashe kuɗi da mai riƙe da akwatin kuɗin, domin kada hannu ɗaya ya rubuta ya kuma ɗiba. Hikima ce babba. Da farko a ɗaure kuɗin a takarda, mai binciken kuɗi ya duba ya buga hatiminsa, a ba ɗan kasuwa bon. Ya kawo kaya, kwamiti ya karɓa ya rubuta shaidar cewa aiki ya cika. A lissafa abin da ake binta daidai, a rubuta takardar umurnin biya, dosiye ya nufi baitulmali. Kowace ƙofa da mai tsaronta, kuma kowane mai tsaro yana iya mai da dosiye baya saboda kwanan wata guda da bai dace ba. In an wuce su duka, sai a tarar da ƙofar ƙarshe, wadda ba ta buɗuwa sai akwai tsabar kuɗi a ciki. Albashi ne a gaba, da tsaro, da bashin waje. Mai alli yana can ƙarshen layi. A shekarun 1990, lokacin da su kansu ma'aikata suke yin watanni ba su ga albashi ba, ba sai an faɗi halin da mai bin gwamnati kuɗin kaye yake ciki ba.

Waɗanda suka rayu a kasuwa a Janairun 1994 ba su manta ba. Dare ɗaya aka karya darajar sefa, tamma guda ta Faransa da ake samu a kan 50 ta koma 100. Wanda ya kai wa ma'aikatar ilimi takardun da ya sayo daga Turai a ƙarshen 1993, aka biya shi bayan faɗuwar, ya karɓi adadin da ke rubuce a bon ɗinsa ba ragi, amma rabin kayan da ya bayar kaɗai kuɗin ke iya sayowa. Babu wanda ya cuce shi a takarda.

Shi ya sa ɗan kasuwar da ya san gari yake da farashi biyu, na kasuwa da na gwamnati. A ƙaddara abu na jika 10 ne a shago. Harajin TVA, kashi 19 cikin 100, ya kusa ƙara jika 2. Ga kuɗin rajistar kwangila, ga na kamyo, ga ruwan da banki zai ci a kan jarin da zai kwanta wata shida ko shekara, ga zirga-zirgar Yamai da kwanan masauki domin bin dosiye daga biro zuwa biro. Ga kuma goron da ba a rubutawa, wanda ke sa dosiye ya tashi daga ƙasan tari ya hau sama. A ƙarshe ya ɗora ladan fargaba, domin mai yiwuwa ne a canza minista ko gwamnati kafin a biya shi, sabon ya ce sai ya binciki bashin da ya tarar. Kafin a farga abin jika 10 ya doshi jika 20, kuma in aka tsare shi zai iya bayanin kowace dala. Ma'aikaci yana cewa ƴan kasuwa sun mai da gwamnati saniyar tatsa, ɗan kasuwa yana cewa ma'aikata sun mai da hatimi gona. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Babbar ɓarnar jinkirin biya ita ce tankaɗe da yake yi wa masu neman aikin. Kafintan da ke bayan tasha, wanda ya shekara ashirin yana haɗa teburan da ba su girgiɗi, ba shi da lambar NIF, ba shi da takardar shaidar biyan lanho, ba shi da bankin da zai tsaya masa. Ko da ya sami waɗannan duka, ba zai iya sayen katako da ƙarfe da kuɗinsa, ya biya yaransa, sa'an nan ya zauna wata takwas yana jira ba. Cefanen gidansa daga aikin jiya yake fitowa. Saboda haka kwangilar takan tafi ga wanda ke da ƙarfin jira, ko wanda ke da ɗan'uwan da zai gajarta masa jiran, ko da bai taɓa riƙe zarto ba. Shi kuma ya juyo ya ba kafintan nan aikin a kan abin da ya rage bayan kowa ya ɗebi nasa. Da ragowar ne ake sayen ɗanyen katako da siririn ƙarfe, a yi walda sama-sama, a shafe da fenti. Teburin yakan yi kyau ranar da kwamiti ya zo.

Kwamitin karɓar kaya shi ne wuri guda da ido yake haɗuwa da abin da aka saya, duk sauran matakan takarda ce ke duba takarda. Amma sau da yawa a magaza ta babban gari ake karɓar, a ƙidaya katan-katan, a buɗe na sama, a sa hannu. Malamin da zai riƙa allin ya ji yana kartar allo ba ya rubutu, ba a gayyace shi ba. Akwai ma'aikata, kuma ba kaɗan ba ne, da suka taɓa ture biro suka ce ba su sa hannu a kan abin da ba su gani ba. Jama'a ba ta san sunayensu ba, domin ladan irin wannan taurin kai yawanci canjin wurin aiki ne zuwa inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Bayan an karɓa kuma sai a tarar ba a tanadi kuɗin kai kayan ƙauye ba. Wanda ya saba shiga farfajiyar ofisoshin ilimi ya san tarin teburan da ke shan rana da ruwa a can, alhali yaran da aka sayo su dominsu suna zaune a ƙasa, tafiyar rabin yini daga wurin.

Sau ɗaya dai wannan al'amari ya girgiza ƙasa har sama. A 2006 binciken da aka yi a kan kuɗin shirin raya ilimi na shekara goma, wanda ƙasashe masu ba da agaji suke zuba wa kuɗi, ya bankaɗo ƙarin farashi da kwangilolin da aka bayar ba bisa ƙa'ida ba a ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci. Shi ne abin da aka yi wa laƙabi da badaƙalar MEBA. An tsare ministoci biyu da suka riƙe ma'aikatar, masu agaji suka ɗage hannu na wani lokaci, kuma a ranar 31 ga Mayun 2007 majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'ar rashin amincewa, wannan magana tana cikin manyan dalilan. Kayan ƴan makaranta ne suka yi wannan aiki, abin da ake rainawa a cikin kasafi.

A gefen wannan doguwar hanya akwai wata gajeruwa. Tun 2004, a jahar Tawa, da taimakon ƙasar Japan, aka fara zaɓen kwamitocin kula da makarantu da ƙuri'ar asiri, waɗanda aka sani da COGES, daga baya tsarin ya game ƙasa. Iyaye su yi karo-karo, wani jika guda, wani tiyar hatsi, ma'aji ya hau babur ya je kasuwa ya sayo alli da kuɗi hannu a farashin da kowa yake saye, ya dawo ya karanta lissafi a gaban taron gari. Ba su rasa nasu ɓerayen ba, amma wanda ya ci kuɗin yana sallar asuba a masallaci ɗaya da waɗanda ya ci wa, kuma hakan ya fi hatimi tsoratarwa. Abin da gwamnati ke yi a wata takwas, su suna yinsa ranar kasuwa ɗaya.

Sai dai ƙarfin talaka iyakarsa alli da gyaran ƙofa. Idan aka zo ga aji, abin da yake iya bayarwa shi ne abin da gonarsa ta ba shi, kara da zana da itacen kafi. Ajin zana ba ya tsayuwa sai an girbe hatsi an sami kara, shi ya sa a ƙauyuka da dama karatun Oktoba sai Nuwamba yake kankama, kuma ruwan farko na damina shi ke tashinsa ko an gama manhaja ko ba a gama ba. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu, mafi yawansu ƙanana ne ƴan rainon farko. Ranar 8 ga Nuwamban wannan shekara aka sake yi a Maraɗi, aka rasa aƙalla 25. Hukumomin lokacin da bakinsu suka ce azuzuwan zana sun kai 36.000 a faɗin ƙasa, suka hana zaunar da ƴan rainon farko a cikinsu, suka yi alkawarin mai da su na siminti. Kowane ɗaya daga cikinsu kwangila ce da za ta bi ta shela da ambulan da hatimi da kwamiti, ta je ta tsaya a layin baitulmali. Da kaka ta kewayo, iyaye suka sake fita saran kara.