Daren da Ɗanlami Ya Koma Tuƙa

Ranar da tirelar ta iso Alaba Rago daga Maigatari, a farkon shekarar 2010, shi ne na ƙarshe da aka sauke. Sauran shanun sun diro suna huci, shi kuwa sai da ƙarti huɗu suka taru a kansa, mai jan igiya, mai ɗaga wutsiya, kafin ya tsaya da ƙafafunsa. Kwana uku ya yi a mota tun daga bakin iyakar Nijar, a ƙetare gadar Jebba, a bi ta Ilori da Badun har Ikko, ga cunkoso ga ƙishirwa. Bokolo ne fari, mai ratsin toka a wuya da guntun ƙaho, an riga an fiɗiye shi tun a Arewa. Dillalai suka dube shi suka kau da kai. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kira ni.

"Ungo igiya. Naka ne. In ka turke shi ya yi kyau zuwa Babbar Sallah, ribar ta makarantarka ce."

Shekarata 14 a lokacin. Da yake ranar Alhamis aka saye shi, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, sai na sa masa suna Ɗanlami.

Wanda bai san wurin ba yakan haɗa mu da ɗaya Alabar, ta kayan lantarki. Tamu ta raguna ce da shanu da hatsi, a ƙaramar hukumar Ojo, gefen babban titin Badagry, kusa da jami'ar jihar Legas. A lokacin, Sakkwatawa da Katsinawa da Kanawa da mutanen Nijar suka cika ta, rumfa na jingine da rumfa, kiran sallah na haɗuwa da kukan tumaki. Abu ɗaya ne babu: makiyaya. Kusan duk abin da dabba za ta ci, mota ce ke kawo shi daga gida, harawa da kowa da dusa da kanwa. Shi ya sa kiwon turka a Kurmi lissafi ne tun daga asuba. Kafin in tafi makaranta in share turke, in jiƙa dusa, in ɗebo ruwa. In na dawo in yanko ciyawa a bakin fadama. Cikin wata huɗu haƙarƙarinsa suka ɓuya, tozonsa ya miƙe, gashinsa ya kwanta yana sheƙi. Tun daga nesa yakan gane takuna ya ɗago kai.

Da damina ta kankama harawa ta yi tsada, sai na samo wa kaina dabara. Da yamma in kwance shi in kai shi wani fili a bayan rumfunan masu abinci, in ɗaure doguwar igiya a jikin wani dungu, in tafi ƙwallo. Akwai ciyawa a wurin, amma akwai bola kuma. Na sha ganinsa yana lasar ledar da aka ƙulla gishiri ko manja a ciki, in kore shi, in koma wasana. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A watan Yuni ya fara barin dusa a kwano. Kwana biyu na ce ƙyuya ce. Daga nan kashinsa ya ragu, ya koma ɗan kaɗan mai tauri. Cinyoyinsa suka zube alhali cikinsa na nan a cike, ɓangaren hagu kamar an cusa dutse. Abin da ya fi tayar wa Baba hankali shi ne da ya tsaya a kansa bayan sallar isha, ya yi shiru yana saurare, ya ce, "Wannan san ba ya tuƙa." Lafiyayyen sa yakan kwashe kusan awa takwas a yini yana dawo da abin da ya haɗiye yana sake niƙawa. Ranar da muƙamuƙinsa ya tsaya, to magana ta yi nisa.

Kowa ya kawo abin da ya sani. Wani ya ce sammore ne, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanun Arewa in sun shigo Kurmi. Wani ya ce hanta ce. Wani dattijon Bafillace ya jiƙa ɓawon maɗaci muka yi masa ɗura, muka bi da kanwa, muka bi da man gyaɗa. Kullum jiya i yau. Sai idanunsa suka faɗa, ya riƙa cizon haƙora, in ya kwanta tashi ya zama aiki.

Ranar nan da safe wani mahauci, abokin cinikin Baba, ya zo ya zagaya shi, ya danna kwiɓinsa da babban yatsa.

"Alhaji, a sa masa wuƙa tun da sauran numfashi. In ya kwana biyu mushe za ku ja zuwa rami. Yaro, kai ma ka huta. Abin da ƙarshensa wuƙa, mene ne na wahalar da kai a kansa?"

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Haka ake yi a kowace kara, kuma sau da yawa shi ne daidai, don dukiya ba abin wasa ba ce. Na riƙe igiyar da hannu biyu ina kallon ƙasa. Baba ya yi gyaran murya.

"Ranar wuƙa tana nan, ba mu muka sa ta ba. Amma kwanakin da ke gabanta a hannunmu aka ba mu su, kuma za a tambaye mu. A kira likita ya gani tukuna. In ya ce babu hanya, ba zan bar shi ya sha wuya ba."

Likitan dabbobin ya zo daga wajen Agege, inda babbar mayankar Oko-Oba take. Ya sa abin auna zafi, ya kafa kunne a kwiɓin hagu ya daɗe, ya dunƙule hannu ya tura. Sannan ya juyo gare ni, ba ga Baba ba.

"Kai ne mai kiwonsa? Ina yake zuwa in ka kwance shi?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi komai, filin da bolar da ƙwallon, muryata na rawa. Na zaci mari zai biyo baya. Baba bai ɗaga hannu ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Da ka faɗa tun farko, da mun rage masa kwana goma na azaba." Har yau ban ji dukan da ya kai wannan maganar zafi ba.

Likita ya yi mana bayani yana wanke hannu. Sa ba shi da haƙoran gaba a sama, da harshe yake naɗo abinci ya haɗiye ba tare da tantancewa ba. In jikinsa na neman gishiri, duk abin da ke da ɗanɗanonsa ci zai yi. Leda kuwa ba ta narkewa, ba ta wucewa. A tumbi take taruwa ta cukurkuɗe, har ta cike wurin abinci, dabba ta mutu da yunwa alhali cikinta a ƙoshe. Ya ce a mayanka kusan kullum suna ganin haka.

A tsaye aka yi masa aikin, a ƙarƙashin rumfarmu. Aka aske kwiɓin hagu, aka yi allurar kashe zafi, aka tsaga. Ni aka ba riƙon kai. Na rungume wuyansa ina jin numfashinsa a ƙirjina, ina ta kiran sunansa a hankali. Likita ya zura hannu har kafaɗa ya fara jawowa: baƙar leda, ledar ruwan sha, guntun buhu, igiyar roba, duk sun murɗe sun zama dunƙule ɗaya mai wari. Sai da aka cika bokiti biyu. Mutanen da suka taru suka yi ta salati. Kafin ya ɗinke, ya zuba wani koren ruwa da ya zo da shi a jarka, wanda aka ɗebo daga tumbin lafiyayyar saniyar da aka yanka da safen nan. Ya ce akwai ƙananan halittu a ciki waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar wa sa da ciyawa, na Ɗanlami kuwa sun ƙare.

Daga nan aiki ya dawo kaina. Daminar Ikko ba ta raga wa mai rauni: ga laima, ga ƙuda, kuma in ƙuda ya sami ɗinki tsutsa ce za ta biyo. Na ɗaga turken da yashi, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa, na rataya tsohon gidan sauron Inna. Safe da yamma in wanke ciwon in shafa magani. Likita ya yi ta zuwa yin allura, ya kuma gargaɗi Baba cewa ko da abin ya juya, kada a sayar wa mutane naman sai maganin ya bar jikinsa. Abinci kaɗan-kaɗan, ɗanyar ciyawa mai laushi da ruwan ɗumi. Na ɗauko tabarmata na koma kwana kusa da shi. Inna ta yi magana, Baba ya ce, "Ƙyale shi, makaranta yake."

A dare na huɗu ruwa ya ɗauke wajen ƙarfe uku. Janaretocin unguwa sun yi shiru. Cikin barci na ji wani ɗan sauti, ƙus, ƙus, ƙus, a hankali, ba gaggawa. Na kunna tocila. Yana kwance ya naɗe ƙafafu, idanunsa a lumshe, muƙamuƙinsa na juyawa. Na ga ƙullin abinci ya gangara ta maƙogwaronsa, ya ɗan dakata, wani ya hauro. Na ruga ba takalmi na buga wa Baba ƙofa. Ya fito da mayafi a kafaɗa, ya tsuguna, muka yi ta saurare mu biyu har aka kira assalatu. Bai ce komai ba sai "Alhamdu lillahi," ya ɗora hannunsa a kaina.

Bayan mako biyu aka cire zare. Zuwa Nuwamba, da Sallah ta matso, Ɗanlami ya murmure har ya fi da. Wani Alhaji Bayarabe ya zo neman na layya, ya taya da daraja. Gashi ya riga ya rufe tabon, ba mai lura. Baba ya dube ni ya ce, "Nuna masa." Na buɗe gashin da yatsa, na ba shi labari tun daga bola har ɗinki. Dabbar da ciwonta ya bayyana ko ta rame ƙwarai ba ta layya, wannan kuwa ya warke sarai, amma Baba ya ce mai saye yana da haƙƙin ya san abin da ya saya. Alhajin ya rage wani abu a kuɗin, ya kuma saya. Da aka cire na likita da na dusa, abin da ya saura bai wuce kuɗin zango ɗaya ba. Ni na ja shi har bakin mota. Ya hau ba gardama, don ni ne a gaba.

Yau rumfar nan babu ita, tana cikin waɗanda aka rushe a 2024. Na je na tsaya a filin, na kasa gane inda turken yake. Baba ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Ina nan cikin sana'ar da ya bar mini, kuma yaran da ke taya ni kiwo sun san dokata: kowa ya tsince ledar da ke turkensa kafin ya karya kumallo, wanda kuma ya ga dabba ta canza ya faɗa a ranar, ba zan yi masa faɗa ba. Ni kuwa duk garken da na shiga, ba tozo nake fara duba ba, ba cinya ba. Nakan tsaya daga bakin ƙofa in yi shiru, in kasa kunne, sai na ji ana tuƙa sannan in yi sallama.