Wa Zan Ba Amanar Ɗiyata Ta Koyi Rawa?

 Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, wata 'yar shawara ce da na yanke a gidana, na ga ya dace ku ji ta.

A manyan birane, uwar da ɗiyarta ke son rawa zaɓi ne ke yi mata yawa. A Legas har makarantar bale akwai, rawar Turawan nan da ake yi a kan yatsun ƙafa. Can Daniel Ajala ke koyar da 'ya'yan talakawa kyauta, kuma a 2020 bidiyon ɗalibinsa Anthony Madu yana rawa cikin ruwan sama ya zaga duniya, har yaron ya samu gurbin karatu a Ingila. To mu nan Tozai, cikin ƙaramar hukumar Isa, makarantar rawarmu ɗaya ce tun kaka da kakanni, wato dandali. Can muka koyi gaɗa da farin wata, ba malami ba kuɗin wata.

Sai 'yan bindiga suka zo suka watsa mana dandalin. Tun da aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu na 2020, dangi da yawa suka tsallaka ƙasar Maraɗi, wace uwa ce za ta bar yarinya waje bayan magariba? Ɗiyata shekararta tara, ba ta taɓa ganin gaɗa ba, ga ta da son rawa kamar me. Ko daka ake yi sai ka ga tana kaɗa kafaɗa. Na ce wa maigida, in muka hana ta a fili, waya za ta koya mata a ɓoye. Ya amince bisa sharaɗi biyu: mata zalla, kuma kada a taɓa lokacin Islamiyya.

Wuri uku na samu. Na farko wani saurayi ne mai sifika, yana koya wa yara rawar fim don biki. Yara na ribibinsa. Amma ƙofar shagon a rufe take, kuma yana ɗaukarsu bidiyo ya watsa a intanet. Ban ko zauna ba.

Na biyu wata malama ce a cikin garin Isa, mai shirya ɗalibai wasan al'ada don ranar raba kyaututtuka. Wallahi tana da tsari da natsuwa. Matsalar hanya ce. Duk wanda ya tuna matafiyan da aka ƙone cikin mota tsakanin Sabon Birni da Isa a Disamba 2021, ba zai ɗora yarinya a babur duk mako saboda rawa ba.

Na uku wata tsohuwar zabiya ce a unguwarmu, wadda ta yi kiɗan ƙwarya da ƙuruciyarta, irin amadar da marigayiya Barmani Choge ta yi fice da ita. Ranar Alhamis da Juma'a bayan la'asar take tara yara a tsakar gida, iyaye mata na zaune suna kallo. Ladanta kwanon gero ne ko abin da ya sawwaƙa.

Na je na zauna. A gaɗa, yarinya kan juya baya ta faɗo, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Wata 'yar lukuta ta kasa sakin jiki, sauran suka kwashe da dariya. Tsohuwa ta tsayar da tafi, ta miƙe da ƙyar ta shiga sahu, ta ce, “Faɗo jikalle, ga hannuna. Ku kuma duk wadda hannunta ya kauce, ita ke da sharar gidan nan mako guda.” Yarinya ta rufe ido ta faɗo, aka cafe ta. A nan na gama shawara.

'Yan'uwana iyaye mata, a ƙaramin gari ba za ki samu ɗaki mai madubi ba. Ki duba ƙofa a buɗe take? Hanyar zuwa lafiya lau? Me ake rerawa? Sannan ki dubi yadda ake yi da yarinyar da ba ta iya ba, don wata rana taki ce.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, Ya shirya mana zuri'a. Amin.