Tsibirai 17,000 A Farfajiya Ɗaya

Bahaushe mutumin tudu ne. Ruwan da ya fi sabawa da shi bai wuce rijiya da kududdufi da gulbin da kan ƙafe da rani ba. Saboda haka idan aka ambaci tsibiri, abin da kan zo masa a rai shi ne gungun da ke tsakiyar kogin Kwara a ƙasar Yawuri, ko kuwa wani wuri na cikin hikaya inda aljannu ke ɓoye 'yar sarki. To, ina ga a ce masa akwai ƙasa guda wadda tsibiranta sun haura 17,000, mutanenta sun fi miliyan 270, harsunanta sun zarce 700, kuma galibin mutanen nan Musulmi ne irinsa? Wannan ƙasa ita ce Indonesiya, wadda Sukarno ya shelanta 'yancinta ranar 17 ga Agusta, 1945, bayan dogon mulkin Turawan Holan.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Mu dai ba mu taɓa ƙetare teku zuwa can ba, amma Allah ya nufe mu da halartar bikin tunawa da wannan rana, wanda ofishin jakadancin ƙasar ya shirya a Abuja. Irin wannan taro, kamar yadda mai karatu ya sani, na ado ne da lafazi. Jakada ya yi jawabi, babban baƙo ya mayar, aka yi taken ƙasashen biyu, sannan aka gabatar da abinci. A nan muka tarar da wani gasasshen nama a tsinke da suke kira sate, wanda ake ci da miyar gyaɗa, har wani abokin tafiyarmu ya ce ai wannan tsire ne ya je yawon duniya ya dawo.

Bayan an ci an sha, sai wasu samari suka durƙusa a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, suka fara rawar Saman ta mutanen Gayo da ke lardin Ace a tsibirin Sumatara. Babu ganga, babu algaita. Tafi suke yi, suna bugun ƙirji da cinya, suna rera baitoci na nasiha, a hankali a hankali har abin ya yi saurin da ido ba ya iya bin hannuwansu. Da mutum ɗaya zai kuskure, da sahun duka ya wargaje. Daga nan aka rarraba wa baƙi wani abin kiɗa na gora mai suna angkulun, na mutanen Sunda da ke yammacin tsibirin Jawa. Kowane ɗaya sauti guda tak yake bayarwa idan an girgiza shi, don haka ba ya zama kiɗa sai da hannuwa da yawa. Jagoran ya riƙa yi mana ishara da yatsu, kowa na jiran nasa lokaci, sai ga jakadu da 'yan kasuwa da malamai sun fitar da amo mai daɗi, alhali ba su taɓa zama tare ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tufafin masu masaukinmu. Maza da mata duk suna sanye da batik, wato yadin da ake zana wa ado da narkakken kaki kafin a tsoma shi a rini, ta yadda inda kakin ya rufe ba zai kama launi ba. Duk wanda ya taɓa haɗa lefe, da ganin wannan yadi zai gane danginsa. A ƙarni na 19 Turawan Holan suka ƙera injin da zai kwaikwayi batik, da nufin su sayar wa mutanen Jawa a farashi mai sauƙi. Mutanen Jawa ba su yi na'am da shi ba, suka riƙe aikin hannunsu. Wajen ƙarshen ƙarnin sai 'yan kasuwa suka karkato da kayan zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, inda ya sami karɓuwa. Wannan shi ne asalin atamfar Holan da iyayenmu mata ke alfahari da ita. Ashe tsibiran da muke gani can ƙarshen duniya sun daɗe a cikin adakar kakanninmu, kamar yadda taliyar Indomie, wadda ita ma daga can ta samo asali, ta daɗe a tukunyar ɗalibanmu.

Ba mu jahilci cewa abin da ake nunawa a farfajiyar jakada zaɓaɓɓe ne ba. Ba a kawo talauci ko rikicin ƙabilanci a irin wannan wuri, kuma awa uku ba ta isa a san ƙasa. Sai dai akwai abin da ba a iya ƙagawa a dare ɗaya, shi ne ƙwarewa. Hannun da ya iya Saman ya daɗe yana koyo, haka wanda ya iya zanen kaki. Hukumar UNESCO ta sanya batik cikin jerin al'adun duniya a 2009, angkulun a 2010, Saman a 2011, kiɗan gamelan kuwa a 2021. Tun daga 2009 ɗin suka ware ranar 2 ga Oktoba ta zama ranar batik, ma'aikata da 'yan makaranta na sanya shi. Wato abin da suke kai wa baƙi, a gida suka fara raya shi.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen shiga wancan jeri, domin bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan Sallah na Kano kuma a 2024. Amma marinar Ƙofar Mata, wadda baba da tokarta suka kai sunan Kano har bayan Sahara, rijiyoyinta da yawa sun zama kufai. Masaƙun Kaduna sun yi shiru. Masu gurmi da kuntigi da kukuma suna tsufa, magada sun yi ƙaranci. Muna koyar da tashe da 'yan kama da dambe a aji, muna ba da maki a kan ma'anarsu da rabe-rabensu, amma ɗalibi nawa ne zai iya tashi ya aiwatar da ko ɗaya daga ciki?

Wannan tambaya ta fi nauyi a kanmu, mu da muke nazarin Hausa a jami'ar da ke nesa da ƙasar Hausa. A nan kowane ɗayanmu jakada ne, ko ya so ko bai so ba, domin ta bakinsa da ta hannunsa maƙwabta za su san mu. Idan aka ba mu farfajiya da awa uku, aka ce mu nuna ko mu su wane ne, bai kamata mu ɓuge da ɗauko hayar makaɗi daga wani gari ba. Ya dace sashenmu ya riƙa gayyato marina da makaɗa da masu tatsuniya su zauna da ɗalibai, a koya da hannu kamar yadda ake koyo da alƙalami. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai idan an adana ta.