Taya, Alhaji

A Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato, in ka tsaya gaban teburin mai gyaran agogo, irin mai akwatin gilashin nan, ka nuna sabon Casio ka ce nawa, nan take za a faɗa maka. Amma ka nuna tsohon Rado ko Seiko 5 da ke kwance can gefe, sai amsa ta sauya. Mai tebur zai ɗago kai, ya dube ka, ya saci kallon abin da ke ɗaure a hannunka, sannan ya ce, "Taya, Alhaji."

Ba rowar baki ba ce. Sabon agogo an san kuɗin sarinsa, riba kawai za a ɗora. Tsoho kuwa kuɗinsa yana cikin kan mai saye, kuma tayin farko shi ke tona abin da ya sani. Wanda ya taya Rado DiaStar, mai jikin nan da ba ya ƙarzuwa, wanda ya fara fitowa a 1962, da kuɗin agogon roba, ba za a yi masa faɗa ba. "Albarka" kawai za a ce, a mayar da kaya cikin gilashi. Kalmar tana burge ni: an ƙi tayinka, amma da fatan alheri aka ƙi shi.

Wanda ya san hannu ba ya gaggawar tayi. Sai ya kara agogon a kunne. Ya girgiza shi ya ga ko zai tashi da kansa, don Seiko 5, tun fitowarsa a 1963, motsin hannu ke yi masa wani, ba batir ba. Ya juya ranakun mako ya ga ko akwai na Larabci, irin waɗanda alhazai suka riƙa kawowa tsaraba daga Makka da Jidda. Daga nan ya ce, "Malam, a buɗe bayan." Nan ladabin yake. Mai kaya na kirki ba ya jira a gano, shi zai fara cewa gilashin ga ba nashi ba ne, sarƙar an sauya, yana jinkirin minti biyu a yini. A garin da ake karanta Risala a zaure, ba sai an tuna wa ɗan kasuwa hukuncin ɓoye aibin kaya ba, ko da yake sani daban, aiki da shi daban.

Muddin ana ciniki, na gefe baki alaikum. Ko agogon ya shiga ransa, ba ya ƙara ko naira ɗaya sai na farko ya ajiye ya juya baya. In an ce "na sallama", magana ta mutu. Dillali, in da shi, la'adarsa daban.

Agogon da ya fi wuyar tayi shi ne na gado. Saurayi ya warware hankici ya ce, "Babana yaz zo da shi daga Makka." An san ba marmari ya fito da shi ba. Dattijan teburi a nan sukan sassauta murya, wani ma ya ce a je a sake shawara da 'yan'uwa tukuna.

Abu ɗaya ke ba ni dariya. Mu nan, a goge agogo ya yi ƙyalli, a sake wa fuskarsa fenti, kuɗinsa ya ƙaru. Masu tara tsofaffin agoguna a Turai da Japan kuwa wannan gyaran ne ke karya musu farashi. Fuskar da rana ta dafa suke nema, da kwalinsa da takardarsa, abubuwan da yara suka yi wasa da su tun zamanin Shagari.

Yanzu waya ta shigo tsakani. Na ga wani yaro da ya kawo agogo sayarwa ya miƙa wa mai tebur wayarsa, da hoton agogo irin nasa a eBay, farashi da dala. Tsohon ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya mayar masa.

"Ɗana, wanda yas sa kuɗin ga, ya sai da?"

Yaron ya yi shiru.

"To, in taya?"