Kama Da Wane Ba Ta Wane: Karen Da Bakinsa Ya Ƙi Buɗuwa

A unguwanninmu, da zarar an ga kare yana dalalar da miyau, ya daina cin abinci, hukuncinsa ɗaya ne: ya haukace, a kashe shi. Haka muka taso muna ji. Wannan tsoro kuwa yana da dalili, domin ciwon haukan kare idan alamominsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu. Sai dai mu da muke karatun likitancin dabbobi a jami'a mun koyi cewa kama da wane ba ta wane. Akwai wata cutar tsoka da ba a cika samunta ba, wadda takan sa a ɗauki kare mahaukaci alhali ba shi da hauka ko kaɗan.

Likitoci na taƙaita sunan cutar da MMM. Tana kama tsokokin tauna ne kaɗai, wato na muƙamuƙi da na saman kai. Dalili shi ne, a waɗannan tsokoki akwai wani nau'in zaren nama da ake kira 2M, wanda babu irinsa a tsokokin ƙafafu. Sai garkuwar jikin karen ta ɗauki wannan zare a matsayin baƙo, ta far masa. Da farko kan yakan kumbura, karen ya riƙa jin zafi idan zai buɗe baki. Idan abin ya daɗe, tsokar ta motse, kan ya rame har ƙashi ya fito, bakin kuma ya ƙi buɗuwa ko da an yi masa allurar barci. An fi ganin cutar a manyan karnuka masu ƙananan shekaru, irin su karen Jamus da 'yan sanda ke aiki da shi.

To, ta yaya ake gane ta? Malamanmu kullum suna nanata mana cewa a fara da abin da ya fi hatsari. Tambayar farko ita ce: an yi wa karen rigakafin hauka? Wani kare ya cije shi? Ya ciji wani? Daga nan a duba ko cutar sarƙe haƙora ce, ko karaya, ko ƙurji a bayan ido, ko ƙashi ne ya maƙale. Hoton ƙashi yana taimakawa a nan.

Sai an kawar da waɗannan ake ɗibar jini don neman sinadarin garkuwar da ke yaƙar zaren 2M. Dakta Diane Shelton ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka ita ce ta yi fice wajen samar da wannan gwaji. Dole a ɗebi jinin kafin a fara magani, domin maganin kan ɓoye sakamakon. Wani lokaci kuma akan yanko ɗan guntun tsoka a duba a ɗakin gwaji. Idan an gano cutar da wuri, maganin kwantar da garkuwar jiki irin su firednisolon, na tsawon watanni, yakan mayar da kare cin abinci. Idan an makara, tabo ya maye gurbin tsoka, ba kasafai take dawowa ba.

Ƙannenmu, ba muna cewa ku zama likitoci a gida ba ne. Kada ku kuskura ku sa hannu a bakin kare marar lafiya, kada kuma ku bari a ɓanɓare bakin da sanda, don muƙamuƙin na iya karyewa. Ku nisance shi, ku gaya wa manya a killace shi, a kira likitan dabbobi. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti nan take.

Mafarauci ko makiyayin da ya yi wa karensa rigakafi a kan lokaci ya kare iyalinsa, ya kuma ba likita damar tsayawa ya yi bincike cikin natsuwa. Ku da kuke son fannin kimiyya, ku riƙe wannan tun yanzu: alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba.