Watan Da Asusu Ya Gaza

Tun ranar da na sa hannu a takardar da ta ba banki izinin cire kuɗin kallon talabijin daga asusuna kowane wata, nake ɗaukar wannan yarjejeniya a matsayin abin da malaman fiƙihu suke kira wakala, domin banki wakilina ne, wakili kuwa ba ya miƙa abin da ba a ajiye masa ba. Saboda haka, a watan da albashi ya yi jinkiri, ranar biya ta tarar da asusu babu isassun kuɗi, tashoshi suka ɗauke, ban ga dalilin zargin kowa ba.

Abin da ya tsaya mini a zuciya shi ne hukuncin al'amarin. Idan kuɗin wata mai zuwa ake biya tun gaba, to ijara ce da ba a sabunta ba, babu haƙƙin kowa a wuyan mutum, sai dai ba yara haƙuri, wanda shi ma ba ƙaramin aiki ba ne; amma idan an ƙulla alkawarin shekara guda, abin da ya kuɓuce ya zama bashi, bashi kuwa a kansa aya mafi tsawo a Alƙur'ani take magana, ta 282 a Suratul Baƙara.

Wanda wannan ya same shi, ya duba takardarsa ya san matsayinsa, ya biya ta wata hanya in da hali, sa'an nan ya nemi a matsar da ranar cirewa zuwa bayan shigar albashi.